Waƙar Bulala a Aji Biyar

Jikar tsohon ta dawo daga makaranta, ko tsokanarsa da ta saba ba ta yi ba. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, ya ga shatin bulala a damtsenta.

"Ke, wa ya zane ki?"

"Malamin adabi. Hadda na kasa." Ta turo masa littafin. "Wata tsohuwar waƙa ce mai tsawon tsiya. Gobe ma in na kasa, ya ce sai ya ƙara mini."

Waƙar kakan nata ce. Yana saurayi ya rubuta ta, a kwance rub da ciki, bayan Baturen gidan waya ya sa an yi masa bulala don ya shiga ta ƙofar fararen fata. Leburorin jirgin ƙasa suka haddace ta, suka rera ta a yajin aikin da ya durƙusar da mulkin mallaka. Yanzu ga ta a littafin aji biyar, da sunan ɓoye da ya sa mata a lokacin. Ko a gidansa ba wanda ya san tasa ce.

Da yamma ya ɗauki sandarsa ya tafi makarantar. Ya tarar da malamin yana duba takardu, bulalar na kan tebur kusa da alli.

"Baba, yaran yanzu sai da wannan," in ji malamin. "Waƙar nan ita ta korar mana Turawa. An zubar da jini a kanta."

"Ka san abin da take cewa?"

"Haba Baba! Da ita na ci jarrabawa. Ni ma da bulala aka ɗura mini ita, ga shi ta zauna daram."

Tsohon ya buɗe baki zai faɗi ko shi wane ne. Sai ya hango abin da zai biyo baya: a jera yara a rana su rera masa, wanda ya yi tuntuɓe a gaban babban baƙo kuwa ya shiga uku. Ya yi sallama ya fito.

A gida ya zaunar da ita a tabarma, ya rufe littafin, ya fara biya mata da ka.

"Kai tsoho, ashe kai ma ka sha duka a kanta!"

"Na sha," ya ce. "Maimaita."

Ta kama baitin farko, ta kama na biyu. A na uku ta kakare. Ya ɗaga hannu zai buga mata karin waƙar a gwiwarsa, ta yi wuf ta kare kanta da hannu biyu.