Bango Ɗaya, Taga Biyu

Kwamitin tsara gine-gine ya amince wa Lirwanu da bango ɗaya. Sauran ukun da rufin aka ɗage su zuwa zama na gaba.

Ɗaki ya nema. Ɗaki guda na ƙasa, a gefen gidansa da ke Tungar Marke, bakin titin da ya fito daga Bodinga ya miƙe Shagari. Mijin 'yarsa Hajo ya rasu farkon daminar bara. Ta yi takaba a Danchadi, ƙannen mijin suka raba gida, ta kwaso kwanukanta da 'ya'yanta ta dawo wurin uba. Babu ɗakin da ya rage a gidan. A rumfar kara take kwana, inda ake girki. Da rani wannan ba komai ba ne, amma rani ya kusa ƙarewa.

Da can mai son gina ɗaki maƙwabcinsa yake faɗa wa, sai mai gari. Da farar hula suka hau mulki aka yi ta yanka ƙananan hukumomi kamar naman layya, yankin su Lirwanu ma ya samu tasa. Aka ba ta tsohon siton auduga ta yi sakatariya. Ba ta haƙa rijiya ko ɗaya ba, amma ta kafa kwamiti. Kwamitin ya yi doka cewa duk wanda gidansa ke kallon titi ba ya aza tubali sai da izini. Titin na manya ne. Jiniya ba ta yankewa a kansa daga Sakkwato zuwa Shagari, kuma ba a so manya su ɗaga kai daga jarida su ga ƙauye.

Lirwanu ya bi doka. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba ya so ya fara da furfura. Ya kai takardarsa tun ana sussukar gero. Ya sa aka kwaɓa ƙasa aka yi tubali, ya sayo azarar giginya, magini Idi ya yi masa alkawari. Ginin ƙasa ba ya son gaggawa. A aza sahu, a bar shi ya sha rana, a dawo a aza wani. In ruwa ya zauna a kan tubalin da ba a rufa ba, ƙasa ta koma ƙasa.

Ranar zaman kwamiti ya fito da hantsi. Gabas ta ɗan yi duhu. Hajo ta raka shi bakin zaure.

"Baba, in sunka hana fa?"

"Ɗaki na nema, ba sarauta ba," in ji shi, ya tare motar haya kiya-kiya.

A sakatariya aka nuna masa benci. Ya zauna har aka yi azahar, don ciyaman ya tafi gaisuwa Sakkwato. Da ya dawo aka buɗe ƙofar siton aka soma kira. Wanda ya riga Lirwanu shiga rumfar injin niƙa ya nema. Aka amince masa, da sharaɗin ya kashe injin duk lokacin da ya ji jiniya. Mutumin ya tambaya yadda zai ji jiniya inji na ƙara. Aka ce wannan ba ya cikin abin da aka zauna a kai.

Sai aka kira Lirwanu.

Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya ciyaman, Alhaji Maniru, wanda Lirwanu ya sani tun yana dakon albasa a kasuwar Bodinga. Dama da shi Kansila Ɗanladi, mai agogo a kowane hannu. Hagu Malam Musa jami'in filaye, baƙo ne da aka turo daga Gusau, shi kaɗai ya iya karatun boko a cikinsu, kuma da ganin fuskarsa ya yi nadamar iyawar.

"Baba Lirwanu!" in ji ciyaman. "Kai da kanka? Ai da ka aiko."

"Na aiko, ranka shi daɗe. Tun kaka."

"To, to. Aiki na ya yi muna yawa. Malam Musa, karanta mishi."

Malam Musa ya karanta ba tare da ya ɗaga kai ba. Duk ginin da ke kallon titi sai ya zama na bulo da siminti, rufin kwano, da taga biyu masu gilashi suna fuskantar titi.

Lirwanu ya bari ya gama.

"Siminti ina shi ke?"

Tun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu siminti ya bi sahun madara da sabulu, sai labarinsa.

"Na biyu," in ji Lirwanu. "Ɗakin mace na. Wa kunka taɓa gani ya huda ɗakin ɗiyatai ta wajen hanya? Kowane yaron mota shi leƙa shi ga abin da ta dafa?"

"Baba, zamani na," in ji Kansila Ɗanladi. "Je ka Legas ka gani. Gida duk taga."

"Ka je?"

"An ba ni labari."

Ciyaman ya yi dariya ya buga tebur. Ya ce dattijo kamar Baba Lirwanu ba a mayar da shi hannu wofi, a nemo mafita. Suka haɗa kai su biyu suna ƙus-ƙus, Malam Musa na kallon rufi. Can Kansila Ɗanladi ya gyara zama, ya duba agogon dama, ya duba na hagu, ya faɗi abin da suka gano.

Za a raba maganar biyu, gaba da baya. Akwai ragowar bulo a bayan sakatariya na aikin ƙawata titi, da taga biyu da aka sayo wa ofishin ciyaman suka yi kaɗan. Hukuma da kanta za ta gina wa Lirwanu bangon gaba, ta shafa masa farin fenti, kyauta. Dole a gama kafin Juma'a ta sama, don akwai manyan baƙi da za su wuce Shagari. Bangon baya da na gefe kuwa, tun da na ƙasa ne, sun saɓa doka, wannan zaman ba zai iya amincewa da su ba. An ɗage.

"Zuwa yaushe?" in ji Lirwanu.

"Zama na gaba."

"Yaushe na?"

Malam Musa ya yi tari. "Kwamiti ba ya zama da damina, Baba. Siton yana yoyo."

Lirwanu ya ɗaga kai ya dubi kwanon. Rana na shigowa ta huda-huda, tana sauka a kan hular ciyaman.

"To ita ɗiyar tawa, bayan bango za ta kwana? Ko ruwan bana ta wajen titi kaɗai za shi zo?"

"Baba ke nan!" in ji ciyaman. "Ci gaba ai sannu-sannu aka yin shi. Bana bango, baɗi wani. Kai kaɗai a Tungar Marke ka da gilashi."

"Ku riƙe bangonku. Ku bar ni in yi nawa."

"An riga an amince," in ji Kansila Ɗanladi. "Ba a mai da amincewa."

Lirwanu ya ce a ransa to, su gina bangonsu, shi ya jingina nasa ukun a jiki, ya toshe tagogin da laka. Malam Musa kamar ya ji. Ya rage murya.

"Baba, gara in faɗa maka tun yanzu. Bangon kayan gwamnati ne. In ka jingina gini a jikinsa, ko ka toshe taga, ka taɓa kayan gwamnati. Maganar alƙali ce."

Filin kuwa shi ke nan. Babu wani gefen da ɗaki zai shiga a gidan.

Lirwanu ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya fita bai yi sallama ba. Yana tsaye bakin titi yana jiran mota sai ga farar Fijo ta tsaya a gabansa. Ciyaman ne a gidan baya, ya ce ya shigo, dama yana so ya ga wurin da idonsa. Man fetur ya yi wuya, mota ba ta samuwa bayan la'asar. Lirwanu ya shiga. Har suka kai Tungar Marke ciyaman na ba shi labarin yadda za a mayar da yankin kamar birni, shi kuma yana kallon gabas. Duhun ya hau sama. Iska ta soma kaɗa ganyen marke.

A gefen gidan suka tarar da Hajo da magini Idi suna jan zana da tsofaffin tabarmi suna rufe tubali. Zanar ba ta isa ba. In sun rufe nan, iska ta buɗe can. Hajo ta ja mayafi ta durƙusa ta gaida ciyaman, ta dubi fuskar ubanta.

Ciyaman bai tsaya wurin tubali ba. Tsakiyar titi ya koma, ya ɗan rusuna daidai tsayin mai zama a mota, ya rufe ido ɗaya. Ya matsa gaba, ya dawo baya. Fuskarsa ta canza.

"Akwai matsala, Baba."

"Yanzu ka gani?"

"Gilashi ai ana gani ta cikinai. In sunka wuce za su hango tarin ƙasa da awaki da rumfar ga. Za a ce bangon banza munka yi."

"Allah shi kiyaye," in ji Idi, yana danne zana da dutse.

Ciyaman ya yi tunani. Sai idonsa ya faɗa kan Hajo, ya washe baki.

"An samu! Labule za mu sa, a ɗaure shi gefe guda. Ranar Juma'a ɗiyarka ta yi kwalliya ta tsaya bayan taga ɗaya, yara su tsaya bayan ɗayar. A aza musu turmi su taka. In sunka ji jiniya su ɗaga hannu. Shi ke nan, gida ya zama gida."

Lirwanu ya juya zai koma wurin tubali.

"Ba a banza ba," in ji ciyaman. Ya matso ya dafa kafaɗarsa. "In abin ya yi kyau, ni da kaina zan kira zaman gaggawa, ko ana ruwa. Mu duba maganar bango na biyu."

Ɗigon farko ya sauka a kan murfin Fijo. Na biyu ya sauka a kan tubali ya bar tabo baƙi. Ƙamshin ƙasa ya tashi.

Hajo ta dubi rumfar karan da 'ya'yanta ke ciki. Ta matso kusa da ubanta ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, in dai don ɗakin na, tsayuwa ta ɗan lokaci..."

"Shiga gida."

Ta shiga. Lirwanu ya juya wurin magini.

"Idi, wanga ruwan zama za shi yi?"

Idi ya dubi sama. "Na fari na. Shi kan jiƙa ƙasa shi tafi, shi ba da hutu kamin damina ta zauna. In munka soma gobe da asuba, muna iya kai rufi. In an jira Juma'a, sai baɗi."

Lirwanu ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a kan azara. Ya ɗaga gefen zana ya ɗauko tubali ɗaya da hannu biyu. Ya taka zuwa bakin filin, daidai inda ciyaman ya auna bangonsa da ido, ya ajiye shi a ƙasa ya danna. Ya koma ya ɗauko wani ya ajiye kusa da na farko. Idi ya tsaya yana kallo, sannan ya tafi neman igiyar awon gini.

"Baba, mi kaka yi haka?" in ji ciyaman. Ruwa ya soma ɗiga daga hularsa. "Nan wurin bangon hukuma na. Kai da ba a taɓa jin ka gaban alƙali ba? Sammaci za a kawo maka, wallahi. Da girmanka."

Lirwanu ya ajiye na uku.

"Ina maka magana a matsayin ciyaman. Ɗauke su, mu yi kamar ban gani ba. Ita kuma yarinya ta shirya ranar Juma'a."

Lirwanu ya miƙe, ya goge hannu a jikin taguwarsa, ya dube shi.

"A'a, Maniru. Ba ni ɗaukewa. Ita ko ba ta tsayawa."