Fuskar Zakiyyu a Karkace

La'asar ta yi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen Doma, lokacin da Muntaka ya jingine babur ɗin acaɓarsa ya shiga ɗakin Inna. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, ta gefe guda kawai take iya kwanciya. Shi ke gyara mata shimfiɗa, shi ke ba ta kunu da cokali. Amma ranar Asabar irin ta yau, ranar kiran bidiyo, ba ta cigiyar kowa sai Zakiyyu, babban ɗanta da ke aiki a Fatakwal, wanda rabonsa da garinsu Lafia tun kafin ciwon.

Waya ta yi wa idonta ƙanƙanta, shi ya sa Zakiyyu ya aiko da tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, mai manhajar Linux, wai ba ta kama cutar kwamfuta. Muntaka ya ɗora ta a kan kujera kusa da gado. Kira ya shigo, fuska ta bayyana.

Inna ta ƙura ido daga kwance. "Me ya same shi yake a karkace? Ku miƙar min da shi in gan shi sosai."

"Kai Muntaka, shiga saiti ka juya hoton," in ji Zakiyyu. "Yi sauri, ina da taro."

Muntaka ya bi abin da aka ce, a hankali, da yatsa ɗaya. Hoton ya juya, amma rabin gilashin ya yi baƙi, sai kunnen Zakiyyu da kafaɗarsa suka rage. Ya tura kibiyar da ke kan gilashin hagu, ta haura sama. Ya ja ta ƙasa, ta gudu dama.

"Yaya, ta ƙi fa."

"Kullum haka kake! Abu ba ya shiga hannunka ya fita lafiya."

"Ina yake?" in ji Inna. "Ka ɓatar min da shi?"

Iska ta bugi kwanon rufi. Muntaka ya san da an tsuge da ruwa, sabis zai ɗauke, kuma Zakiyyu ba mai sake kira ba ne. Ya lalubo maɓallin fasawa da ƙyar, hoton ya koma yadda yake. Sai ya ture kujerar, ya durƙusa gaban gado, ya ɗaga kwamfutar ɗungurungum ya kwantar da ita ta gefe a hannuwansa, daidai idon Inna.

"Yauwa, ga shi nan!" Ta yi murmushi da rabin bakinta mai motsi. "Ka rame, Zakiyyu. Ba ka cin abinci ne? Allah ya yi maka albarka, ka ga tun daga can ka gyara abin."

"Amin, Inna. Ai ba wuya."

Ƙasan kwamfutar ya ɗauki zafi a hannuwan Muntaka. Daga bayan murfin ba ya ganin kowa, ba mai ganinsa. Ya gyara gwiwa a hankali don kada hoton ya girgiza.