Ranar da Torika Ta Sace Ilaitia

Ranar Talata ce, ana ruwa tun asuba, irin ruwan garin Nausori da ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. Torika ta riga ta cafke zakaran a gindin lemon tsami, ta matse shi a hammata, ta tsaya cikin taɓo tana jiran zagi. Zakaran na Ilaitia ne, gidan ma nasa ne. Abin da aka saba, tun kafin ta kai hannu za a jiyo muryarsa daga baranda yana shelar cewa ɓarauniyar Ra ta iso, a rufe tukwane. Ita kuma ta ce masa mutanen Kadavu ba su san daɗin kaza ba, sai tsotsar ƙayar kifi.

Ita 'yar lardin Ra ce, shi ɗan tsibirin Kadavu, wato tau suke, abokan wasa tun kaka da kakanni. Tau ya shiga gidanka ya ɗauki abin da ya ga dama, ba ka da bakin hanawa, sai dai ka zage shi ka jira ranar ramuwa. Shingen kwano ɗaya ya raba gidajensu a unguwarmu, kuma tun da sauran baƙin gashi a kansu suke wannan sata. Matarsa ta rasu, mijinta ya rasu, satar ba ta fasa ba.

Ran nan ba zagi. Kujerarsa wayam. Torika ta leƙa ɗaki da zakaran a hannu, ta same shi durƙushe a gefen gado, ya dafe mara, gumi na zuba. Tun jiya fitsari ya ƙi fita, kuma kunya ta hana shi gaya wa 'yarsa Vasemaca.

"Tau, ajiye min zakara," ya ce da ƙyar.

"Zakara ya tafi. Tashi mu je asibiti, tsohon banza, kafin ka fashe ka ɓata wa yarinya tabarma."

A asibiti aka sa masa robar fitsari, ya sami sauƙi nan take, har ya nemi shayi da burodi. Aka ce zai kwanta a jira aikin tiyata. Torika ta ga ya dawo da bakinsa, sai ta hau mota ta tafi Ra bikin jikar yayarta.

A bayanta ne abin ya lalace. Ilaitia tsohon direban bas ne, rabin garin nan shi ya kai su makaranta, saboda haka masu dubiya ba su yanke ba: matan coci, surukai, da ƙanwarsa wadda a al'ada ko wasa ba ya yi a gabanta. Ga jakar fitsari a rataye ƙarƙashin gado kowa na gani. Da ya ji takun mata, sai ya zare ta daga maratayi ya cusa cikin bargo, ya ɗora a kan cikinsa. Sista Roshni, nas ɗin ɗakin, ta gaya masa ba sau ɗaya ba cewa jakar nan ƙasa take zama, in ta hau sama abin da ya fita komawa ciki yake. Ya ce to. Tana juya baya ya sake. Vasemaca na gani, ƙanwarsa na gani, amma wa zai buɗe baki ya yi wa dattijo maganar fitsarinsa? Mutum ɗaya ce a duniya ke da wannan bakin, ita kuwa tana Ra tana rawa.

Da ta dawo ba ta same shi a gadonsa ba. An kai shi wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, mai taga ta gilashi a jikin ƙofa. Zazzaɓi ya kama shi da rawar ɗari, fitsarin ya yi kauri. Sista Roshni ta ce ba laifin ɓoyon kaɗai ba ne, roba in ta daɗe a jiki hanya ce ga ƙwayar cuta. Matsalar ita ce irin wadda ta shige shi. An ba shi magani na farko, ba ta ji ba. An canza, ba ta ji ba. Gwaji ya nuna ta saba da kusan duk abin da ke cikin kantin maganin, kamar ɓeran da ya ci guba ya yi ƙiba. Saura guda ɗaya, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa, shi kuma yana dukan cutar yana dukan ƙoda.

Aka ɗaura wa Torika rigar leda, aka sa mata safar hannu, ta shiga. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Ta ce masa ashe haka 'yan Kadavu suke, ƙwaron da ido ba ya gani ya kayar da ƙato. Bai rama ba. Wannan ya tsorata ta fiye da ramar.

Idonsa na kan silin ya ce, "Tau, tun da aka kawo ni nan ban ji fatar mutum ba. Kowa leda. Jikokina ta gilashi nake ganinsu kamar kifi. Kin saci kajina, kin saci tukunyata, kin saci rediyona. Ba za ki iya satar tsoho ɗaya ba?"

Ta ce masa ita ba ta ɗaukar kayan da ba su da amfani. Ta fito, ta cire ledar, ta wanke hannu, ta tsaya a bakin famfo har ruwan ya gaji da zuba.

Likitan, wani saurayi mai magana a hankali, bai ɓoye musu komai ba. Ƙodar ta fara gazawa. In an ci gaba da maganin, zai ƙarasa ta. In an tsaya, cutar za ta yi aikinta. Ko ta ina, kwanakin ba su da yawa. Ya ce ya zauna da tsohon, hankalinsa garau, gida yake so, kuma su ba za su hana ba in akwai masu kula da shi, za a haɗa shi da maganin rage zafi, nas ta riƙa leƙawa.

Vasemaca ce ta ƙi. Ba rashin tausayi ba ne. Yayyenta biyu suna aikin tsinkar 'ya'yan itace a Ostareliya, kullum suna waya suna cewa a yi duk abin da za a yi. Ta san abin da za a faɗa a Kadavu har ƙarshen rayuwarta: ita ce ta zare wa ubanta magani ta kai shi gida ya mutu. Ga kuma unguwa. Labari ya riga ya zaga cewa Ilaitia ya kwaso cutar da ba ta jin magani, har wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shiga gidan.

Torika ta tare Sista Roshni a bakin ƙofa ta tambaye ta gaskiyar abin. Sista ta ce cutar nan ba ta tashi sama, ba a shaƙarta. A hannu take tafiya. Wanda zai juye jakar ya sa safa, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan, mai ciwo a jiki da jariri su tsaya daga nesa. Masu lafiya ba ta cika damunsu ba, raunana take nema, shi ya sa a asibiti ake tsananta mata.

"Wato sabulu," in ji Torika.

"Sabulu da mutum mai taurin kai a bakin ƙofa."

"An samu."

Ranar Asabar da yamma dangin suka taru a barandar asibiti, ƙanwarsa da surukai da faston cocinmu, yayyen Vasemaca kuma a waya, ana ta jan magana ba a kai ko'ina ba. Torika ta zo ta wuce ta tsakiyarsu ko sunkuyawa ba ta yi ba. Ta sa riga, ta sa safa, ta shiga ta bar ƙofar a buɗe yadda kowa zai gani. Ta kama babban yatsan ƙafar Ilaitia kamar yadda take kama kaza.

"Mutanen Kadavu, ku buɗe ido," ta ce. "Na ɗauki wannan. Nawa ne. Wanda ya isa ya hana tau, ya matso."

Sai faston ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa don dariya. Ƙanwar ta toshe baki da gefen mayafi. A cikin wayar aka ji babban ɗan ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Vasemaca ta kalli ubanta ta ga bakinsa ya motsa, abin da ta daɗe ba ta gani ba. Ta gane abin da tsohuwar ta yi mata: daga yau ba wanda zai ce 'yarsa ce ta fitar da shi. Tau ce ta sace, kuma ba a kai ƙarar tau.

"Ta," ta ce wa ubanta, yadda muke kiran uba, hawaye na zuba, "ka ji an sace ka."

"Ki bar ta. Za ta biya."

Ranar Lahadi bayan coci aka sallame shi. An yi maganar motar asibiti, ya ce shi bai taɓa shiga unguwa a kwance cikin motar da bai san direbanta ba. Sai ga Peniasi, yaron da ya koya wa tuƙi, yanzu shi ma da furfura, ya zo da tsohuwar bas irin mara gilashi, an naɗe tamfol ɗin tagogin sama. Aka shimfiɗa katifa tsakanin kujeru. Torika ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta riƙe jakar a gefen idon sawunta. Da ya miƙa hannu zai ja ta cikin bargo don matan da ke baya, ta buge hannun.

"Duk Nausori sun san kana fitsari, Tau. Ba kai ka fara ba."

A kan gada iskar kogi ta shigo ta kowace taga. Ya lumshe ido yana shaƙa. Can sai ya buɗe ya ce a gaya wa Peniasi har yanzu yana canza giyar mota kamar mai tauna ƙashi. Peniasi ya danna ham, bai saki ba har kwanar unguwarmu. Yara suka biyo motar a guje.

Manya kam sun tsaya daga nesa, kowa a bakin ƙofarsa. Torika ta sa aka kafa bokiti mai famfo a gindin matakala da sabulun wanki, ta ja kujera ta zauna da sandar tsintsiya. Ta fara da Vasemaca. Vasemaca ta wanke hannu har gwiwa, ta shiga, ta kama hannun ubanta ba safa ba leda, ta ɗora a kumatunta. Duk unguwa na kallo ta taga. Maƙwabciyar nan da ta hana 'ya'yanta ita ce ta uku a layi, da kwanon gwaza da miyar kwakwa.

Daga nan gidan bai sake zama shiru ba. Mawaƙan coci suka cika tsakar gida. Tsofaffin direbobi suka baje tabarma a baranda suna dama yangona, jiƙon saiwar da ake sha a taro, kowa ya tafa ya karɓi ƙoƙo, ana tuna ranar da Ilaitia ya tsallake ambaliya da fasinja cike. Ba wanda ya wuce bokitin. Fasto da kansa ya zo da sauri zai haye, sandar tsintsiya ta tare shi, ya koma ya wanke yana cewa ko a ƙofar sama ba a yi masa haka ba. Jakar kuwa Torika da Vasemaca ke juyewa, da safa, a tsanake. Jikoki suka hau gadon, ƙaramar ta yi barci a hammatarsa.

Laraba da hantsi Torika na gadin bokiti ta ji kururuwar alade daga gidanta. Kafin ta miƙe, ga jikokin Ilaitia sun zagayo ta bayan shinge suna jan aladen da take kiwo tun bara don Kirsimeti. Ta leƙa taga. Yana kwance, numfashi sama-sama, ido ɗaya a buɗe.

"Na ɗauka," ya ce. Muryar kamar ta sauro. "Mutane za su ci abinci a jana'izata. Ba zan bar ki ki ciyar da su zakarana ba."

Ta zage shi, ta zagi Kadavu da duwatsunta da kifinta, ko kalma ɗaya ba ta wuce shi ba, yana murmushi. Washegari bayan azahar, rana ta fito bayan ruwa, mawaƙa na tsakiyar waƙa, ya cika. Hannunsa ɗaya na cikin na Vasemaca. Ɗayan Torika ce ta riƙe, ta ce don kada ya ƙara satar mata wani abu a hanya.

Ba wanda ya kamu a unguwar, babba ko yaro. Abin da aka rasa ba shi da yawa: katifa ɗaya da aka ƙone, tabarmi biyu, sabulu sanda bakwai, aladen Torika, da Ilaitia.

Bayan an watse, Torika ta zagaya ta bayan shinge da safe ta tsinki lemon tsami cike da gefen zaninta. Ta ɗan tsaya a gindin bishiyar, fuskarta wajen baranda. Bokitin na nan a gindin matakala, famfon na ɗiga a hankali. Ta je ta murɗa shi, sannan ta tafi da lemonta.