Kifin Mahjar da Lado ya fasa

A bakin titin da ya ratsa unguwar Mahjar ta Jidda zuwa Madinar Masana'antu akwai wani kifi da ya fi bene hawa ɗaya tsayi. A tsaye yake kan wutsiyarsa, shuɗi, da jar hula a ka da baki a wangale kamar yana dariya. Wani gidan abinci ne ya kafa shi don talla tun shekaru talatin da suka wuce. Gidan abincin ya mutu, aka mai da wurin shagon tayoyi, amma kifin bai motsa ba. Rana ta cinye fentinsa, tantabaru sun ɓata masa hula, duk da haka da shi ake kwatance a unguwar. Gidan wane yana bayan Kifi, a haɗu wajen Kifi. Har angwaye kan tsaya a gindinsa su ɗauki hoto.

Lado mutumin Gusau ne, shekararsa shida a Jidda yana tuƙa winsh, motar nan mai dogon hannu da ake ɗaga kaya masu nauyi da ita. In yana tafiya yakan ɗan ja ƙafar hagu. Ɗakinsa na layi na biyu bayan kifin, kuma duk Juma'a a gidan Hajiya Kulu yake cin tuwo. Ita ce mahaifiyar abokinsa Abdulghaffar. Tun tana yarinya iyayenta suka zo da ita aikin hajji suka zauna, ta tsufa a garin amma ba ta taɓa koyon karatu ba.

Wata Talata da safe kamfaninsu ya tura shi ya matsar da kifin baya kaɗan, saboda za a faɗaɗa titin. Aikin awa ɗaya ne. Ƙa'ida ita ce a ɗaure shi da igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ciki. Igiya ta biyun tana can gareji an manta da ita, ga zafi ya fara, ga wani aikin yana jiransa. Abokin aikinsa Majid ya ce su koma su ɗauko.

"Roba ce fa, ba nauyi," in ji Lado. "Yalla, yi sauri, ɗaura kawai."

Ya naɗe fuskarsa da ƙyalle saboda rana, ya hau ya ja. Kifin ya tashi sama lafiya, ya ɗan juya, sai igiyar ta zame daga wuyansa. Ƙarar da ya yi da ya bugi kwalta ta sa masu shaguna fitowa da gudu. Kan ya rabe biyu, cikin ya fashe, tsofaffin ƙarafa masu tsatsa suka fito waje. Mai shagon tayoyin ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya ce halas, shi ke nan, a kai shi wurin 'yan gwangwan. A rahoto aka rubuta cewa tsufa ne ya karya shi. Lado ya sa hannu.

Ran Juma'a ya so ya ƙi zuwa, amma ya ga rashin zuwan ma magana ce. Ya tarar da falon cike, Hajiya Kulu a kan katifa da ƙafafu a kumbure. Ashe ran Laraba ta je kasuwar Balad sayen turare, ta shiga tasi ta ce a kai ta wajen Kifi, kamar yadda take faɗa tun tana da ƙarfinta. Direban baƙo ne. Suka yi ta kai da kawo a titin ba kifi, ita kuma ba ta san sunan layinsu ba, wayarta tana gida. Da ya gaji ya sauke ta a wani gidan mai. Ta yi tafiyar kusan awa biyu a rana tana leƙa layuka, har wata mata ta gane ta ta rako ta.

"Wallahi wanda ya yi wannan aiki ba shi da imani," in ji wani maƙwabci. "An ce da gangan suka sake shi."

"Kai da kake wannan sana'a, Lado, haka ake yi?" Abdulghaffar ya tambaya.

Lomar da ke hannun Lado ta yi masa nauyi. Ya ji bakinsa yana cewa, "Ai ganganci ne. Irin waɗannan direbobin ba su san aiki ba."

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai Mastura, ƙanwar Abdulghaffar, ta ce wani ya ɗauki abin a waya, yana ta yawo tun jiya. Ta miƙa wa mahaifiyarta. Hajiya Kulu ta kawo wayar dab da idonta. Ga kifin yana faɗuwa, ga direba da rufaffiyar fuska ya sauko, ya ɗora hannu biyu a ƙeya, ya zagaya ɓaraguzan yana ɗan jan ƙafar hagu. Ta kalla sau biyu. Ta mayar da wayar, ta ɗago ta dubi Lado. Can ta ce wa Mastura, "Ƙara masa miya."

Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Gumi ya jiƙa masa riga duk da na'urar sanyaya ɗaki. Ya cinye tuwon don dole, bai ji ɗanɗanonsa ba, da aka tashi kuma ya yi ta ƙoƙarin daidaita tafiyarsa har bakin ƙofa.

Washegari ya je wurin 'yan gwangwan a Madinar Masana'antu, da tunanin ko za a iya liƙa kifin. Sun riga sun zare ƙarafan, sun daddatsa sauran. Ya tsaya yana kallon tulin shuɗin ɓaraguzai, mai wurin yana tambayarsa ko wani abu ya ɓace masa.

Juma'a biyu bai je ba. Ya canza masallaci, ya canza hanyar zuwa aiki. A ta uku ya idar da salla ya ga Abdulghaffar jingine da mota yana jiransa.

"Ummi ta ce in taho da kai, ko da ɗaure ka zan yi. Me ka yi mata ne? Ta ƙi gaya mini."

Lado ya shiga motar suka tafi. Falon cike yake kamar kullum. Bai zauna inda ya saba ba, ya durƙusa a gabanta.

"Mama, ni ne na fasa shi. Igiya ɗaya na ɗaura maimakon biyu, an ce in koma na ƙi. Kuma na zauna a nan na zagi wani."

Abdulghaffar ya ce, "Kai? Ya shekh, a gabana ka ce..." sai mahaifiyarsa ta ɗaga masa hannu.

"Na sani tun ranar," in ji ta. "Kifi dai roba ne, ɗana, ko ba kai ba wata rana zai faɗi. Ƙafata ma ta warke. Abin da ya tsaya mini shi ne ka ci tuwona ka dube ni ka yi mini ƙarya. Kana ganin korarka zan yi?"

Ya kasa ɗaga kai. Ya roƙe ta ta yafe masa.

"Na yafe. Tashi ka wanke hannu."

Maƙwabcin nan ya fi wata ba ya amsa gaisuwarsa. Ran Lahadi Lado ya je ofis ya gaya wa shugabansa abin da ya faru da gaske, aka sauke shi daga kan winsh na wata uku, ya koma ɗaura igiya a ƙasa. Hajiya Kulu kuwa daga wannan rana ta daina kiransa Lado. Ko a gaban wa take, sai ta ce a miƙa wa Mai Kifi ruwa. Sunan ya bi layin, ya kai har gareji. Duk lokacin da aka kira shi da shi sai ya ji kunya ta lulluɓe shi, amma yana amsawa.