Faten da Ya Ci Sifili

A shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, manyan motoci sun yi ta sauke ma'aikata da katifu da kabad-kabad a Kubwa. Cikin kayan har da wata ƙatuwar takarda mai hotuna, wadda ta ƙare a bangon aji biyu na wata sakandare. An zana burodi, kwalbar madara, ƙwai, cuku da jan tuffa, aka rubuta a ƙasa wai wannan ne abinci mai gina jiki. Wanda ya zana ta bai taɓa taka Kubwa ba, amma da inji aka buga ta, don haka ba mai musu.

Malam Thaddeus, saurayin da ke koyar da kiwon lafiya, ya ba ajin aiki: kowa ya rubuto abin da ya ci mako guda. Yara ba wawaye ba ne. Suka ɗaga kai suka kwafe bango.

Magdalene ce kaɗai ta rubuta gaskiya. Shekarunta goma sha huɗu, uwarta Angelina tana sayar da doya a kasuwar Wuse. Kunun dawa da safe, faten tsaki da rama da gyaɗa da rana, doya da miyar daddawa da yamma. Ranar Laraba an yi ruwa, ta ƙara da soyayyen shinge, ƙwarin nan masu fiffike da ke fitowa bayan ruwa.

Malam ya karanta takardarta a gaban aji, yana toshe hanci da wasa, ya zana mata sifili da jan biro. Kafin a tashi sunanta ya koma Shinge.

Daga ranar ta daina cin abincin gidan. Ruwan shayi kawai, sai ta ce ta ƙoshi. Bayan kwana tara, ranar Lahadi, jiri ya kwashe ta a layin mawaƙan coci. Angelina ta yi tambaya har ta gaji, sannan ta zazzage jakar makarantar, ta ga jan biron.

Litinin ba ta je Wuse ba. Ta dafa fate, ta ɗora tukunyar a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ta shiga ajin ba sallama, ta dire ta a kan tebur.

"Kai ne tican?"

"Madam, ana darasi. Ki je ofis..."

"Ofis ne ya hana 'yata ci? Buɗe ka gani."

Bai buɗe ba. Ta buɗe da kanta, tururi ya tashi. A layin baya Magdalene ta kifa kai a kan benci.

"Faɗa mini abin da littafinka ke so a cikin abinci. Ni ban yi boko ba, amma ina da kunne."

Ya gyara tayen wuyansa. "Kashi uku ne. Mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta."

Ta tsoma ludayi. "Masara fa?"

"Ƙarfi."

"Gyaɗa?"

"Tana gina jiki."

"Rama?"

Ya waiwaya ya dubi hoton bango.

"Rama, Malam! Bakinka ya mutu ne?"

"Tana karewa."

"To uku ke nan, a tukunya ɗaya. Me ka sa wa sifili?"

"Madam, ba sa cikin hoton."

"Hoton ne zai shiga cikinta?" Ta juya ga ajin. "Ku masu cin tuffa kullum, wa zai faɗa mini launin cikin tuffa in an yanka?"

Can wata yarinya mai suna Juliet, wadda ubanta ya zo da ma'aikatar kuɗi, ta ce, "Ja ne, madam."

"Fari ne," in ji na kusa da ita.

"Kai da garin rogo ka sha yau da safe!" in ji Juliet.

Aji ya kece da dariya. Angelina ba ta yi ba.

"Ka ji? Arba'in sun yi maka ƙarya ka ba su maki. Ɗaya ta faɗi gaskiya ka yi mata tsirara. Kwana tara yarinyar nan ba ta ci ba. Ta faɗi a gaban Pasto. Kai kuma lafiya kake koyarwa!"

Fuskar Malam Thaddeus ta sauya. Bai sani ba, wannan kam gaskiya ne. Ya dubi layin baya, ya ce a hankali, "Mama, ki yi haƙuri. Faten ba shi da laifi. Amma masu jarrabawa abin da ke littafi za su tambaya."

"To ka goge jan abin nan."

"Na riga na kai wa hedimasta makin."

Ta rufe tukunyarta. Ta ɗora ta a kafaɗa, ta fita.

Da aka tashi Magdalene ta dawo idanu jajur, ta yi jifa da jaka.

"Mama, kin gama da ni. Yanzu har 'yan aji uku sun sani. Da tukunya a kafaɗa!"

"A ina kike so in ɗauka, a hanci? Zauna ki ci."

"Ba na ci."

"Ticanki da bakinsa ya ce ba shi da laifi. Ko kin toshe kunne?"

"Na ji."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana huci. Faten ya huce, ya yi kauri a kwano. Ta daɗe tana kallonsa. Daga baya ta jawo shi da ƙafa, ta zauna, ta juya wa uwar baya. Ta kai lomar farko baki a hankali. Ta biyu ta bi ta da sauri.

Sai da ta kusa rabi ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"Zan ci. Amma in ya sake ba mu aikin nan, abin da kowa ya rubuta zan rubuta."

Angelina ta buɗe baki za ta yi faɗa. Ta dubi wuyan yarinyar, yadda ƙasusuwa suka fito sama da kwalar yunifom. Ta haɗiye faɗan, ta ɗebo wani ludayin ta ƙara mata.