Fuskar Kamfanin Yaya

A ofishinmu ba a duba zanen farashi da suna a kai. Dokar Oga ce, kuma ban taɓa ganin wanda ya ja da ita ya ji daɗi ba. Duk safiyar Litinin, kafin a buɗe kasuwar hannun jari, mukan taru a ɗakin taro, kowa ya jefa wayarsa a kwandon da ke bakin ƙofa, a ja labule, a kunna babban allo. Dogo ne ke riƙe da kwamfuta. Shi yake goge sunayen kamfanoni daga kan zanen, saboda haka shi kaɗai ya san wane ne wane, kuma shi kaɗai ne ba shi da baki a zancen.

Mu uku muke yanke hukunci: Oga, da ni, da wani dattijo da muke kira Tsoho, wanda ya girmi kujerun ofishin gaba ɗaya. Zane ya fito, ka kalli hawansa da saukarsa, ka kalli sandunan ƙasa masu nuna yawan cinikin da aka yi, ka faɗi kalma ɗaya. Wuce, idan babu abin gani. Ajiye, idan ya isa a bincika don a saya wa masu ba mu amanar jarinsu. Fita, idan irin wanda ake gudu ne. Sai an gama ake buɗe sunaye.

Oga yakan ce sunan kamfani bugarwa yake yi. Mutumin da ke ƙaunar kamfani, ko zanensa rijiya yake faɗawa, zai rantse maka tsani yake hawa. Shi ya sa akwai doka ta biyu: in ka gane zane duk da an rufe sunan, sai ka ce “na san fuskar nan,” ka koma kujerar baya ka kama bakinka.

Wannan Litinin ɗin mun yi nisa, ana ta wuce, wuce, ajiye, Tsoho yana hamma, sai Dogo ya danna na gaba.

Wallahi tun kafin idona ya gama bin layin na gane shi. Ga tsallen da ya yi shekarar da suka samu babbar kwangila, ga tudun nan biyu da na biyun bai kai na farko ba, ga dogon daɓen da farashin ya daɗe yana taɓawa yana tashi. Kamfanin fentin da Yayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki ne. Da ya ajiye aiki, duk abin da aka sallame shi da shi ya mayar hannun jarin kamfanin, ba tare da ya tambayi kowa ba. Tun daga nan ba ma haɗuwa bai tura min wayarsa ƙarƙashin hanci ba. “Auta, duba min.” Na duba har na haddace shi kamar fuskar Mama.

Abin da ban taɓa gani ba shi ne ƙarshen zanen. Ranar Juma’a ban zo aiki ba, na kai Mama ganin likitan ido, ashe a ranar daɓen ya fashe. Farashin ya huda shi ya yi ƙasa da wani dogon jan kyandir, alamar mummunar faɗuwa a zanen, sandar cinikin da ke ƙarƙashinsa ta fi duk na shekarar tsawo. Wannan ba ƙananan masu tsoro ba ne. Wani babba ne ya kwashe kayansa ya fice.

“Ke muke jira,” in ji Oga.

Na san abin da zai biyo baya. Masu ba mu amanar jarinsu suna riƙe da hannun jarin kamfanin nan da yawa, kuma ba kamfanin da ake rububin cinikinsa ba ne. In aka ce fita, za mu kwashe kwanaki muna sayarwa kaɗan-kaɗan, kuma kafin mu gama, mu da kanmu za mu ƙara danne farashin. Wanda bai fita da wuri ba, shi zai kwashi kashinsa a hannu.

Na kuma san wani abu. Tsoho bai cika yi min musu ba. In na ce wuce da ƙarfin hali, zai iya bina don a gama ya je ya sha shayinsa. Kalmar tana bakina, har na ji ɗanɗanonta.

“Malama, allon ne bai fito miki ba, ko baccin ne bai sake ki ba?”

“Na san fuskar nan,” na ce.

Oga ya sauke gilashinsa ya dube ni, ya nuna min kujerar baya da haɓa. Na tashi na koma can. Tsoho ya daina hamma, ya matso ya ƙura wa allon ido.

“Wannan ai ba ya buƙatar dogon turanci. Fita.”

“Fita,” in ji Oga. “Na gaba.”

Da aka buɗe sunaye, ban ko ɗaga kai ba. Ina fitowa na tarar da mai kula da bin doka a ofishinmu tsaye a bakin kwandon wayoyi. ’Yar Sanda muke ce mata, a bayan idonta. Mace ce mai sanyin murya, kuma sanyin nan ne abin tsoron. Ta miƙo min wayata da hannunta.

“Kin kyauta da kika faɗa,” ta ce. “Kin dai san sauran. Sunan yayanki yana wurina tun ranar da kika fara aiki. Ba magana, ba saƙo, ba habaici, har sai mun gama sayarwa. In ya motsa ko hannun jari ɗaya kafin nan, zan gani, kuma ba ni kaɗai zan gani ba.”

“Na sani.”

“Na san kin sani. Faɗa ce aikina.”

Haushinta ya cika ni, alhali ba ta yi min komai ba. In aka kama mutum ya tsegunta wa ɗan’uwansa irin wannan, ba kora kaɗai ba ce. Takardar izinin aikin za a karɓe, kuma ba sauran ofishin da zai ba shi ko kujerar bakin ƙofa.

Na zauna a teburina aka buɗe kasuwa. An cire ni daga cinikin, amma ba a cire min ido ba. Ina kallo aka saki kashin farko, masu saye suka ja da baya, farashin ya ɗan zame. Waya ta yi ƙara. Yaya ne: “Ina kwana, sarauniyar lissafi. Motarki na wurin bakanike, ni zan ɗauke ki in an tashi. Akwai magana.” Na kifa wayar. Abincin rana ma Dogo na tura wa, ya cinye yana tambayata ko lafiya.

Da yamma na fito na same shi ya faka inda aka hana fakawa, yana gardama da mai gadi cikin raha. Yaya ke nan. Shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni jarrabawar da ta ba ni izinin aikin nan, ya zauna a mota yana jira har na fito. Har yau in zai gabatar da ni sai ya faɗi sunan aikina kafin nawa.

“Shigo, shigo, kafin mutumin nan ya sa a ɗaure ni. Ya aiki?”

“Lafiya lau.”

Muka hau titi, muka faɗa cunkoso a gaban gadar sama. Motar tana warin fenti kamar kullum, don har yanzu ba ya rabuwa da gwangwanaye a but. Ya zaro wayarsa ya ɗora min a cinya.

“Duba min. Kin ga abin da ya faru ranar Juma’a? Arha ta zo har gida. Mutane ba su san kamfanin nan ba, Auta. Ni na san injinan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi magana da mai sayen filina, gobe in sha Allahu zan sayar in ƙara hannun jarin.”

Ban taɓa wayar ba. Na kalli bayan wata motar ɗaukar kaya da ke gabanmu, ina karanta lambarta kamar za a tambaye ni.

“Ke, da ke nake.”

“Yaya, na gaji. A bar maganar aiki.”

Ya yi dariya. “Yau kuma? Ke da in na nuna miki sai kin yi min wa’azin kada a zuba komai wuri ɗaya har kunnena ya yi zafi? Yi min wa’azin mana, na shirya.”

“Ba abin da zan ce.”

“Ba abin da za ki ce, ko ba abin da za ki iya cewa?”

Aka matsa kaɗan, aka sake tsayawa. Mai babur ya goge madubinmu ya wuce, Yaya bai ko leƙa ya yi masa faɗa ba, shi da ba a taɓa masa mota. Ina jin idonsa a gefen fuskata. Mutumin nan ya san lokacin da na fasa kofin Mama tun kafin a ga ɓaraguzan, balle yau.

Ya miƙo hannu ya ɗauke wayarsa a hankali, ya kalli zanen ya daɗe.

“Kamfanin ya zo gabanku yau,” ya ce. Ba tambaya ba ce.

“Yaya, don Allah.”

“Ban tambaye ki ba. Da kaina nake magana.” Ya ajiye wayar a aljihun ƙofa. “Kuma da saye za ku yi, da kin shigo motar nan kina ɓoye murmushi. Na san wannan fuskar ma.”

Na riƙe jakata da hannu biyu, ina addu’ar fitila ta ba mu hanya, kamar in mun wuce gadar maganar za ta tsaya a baya.

“Shekarun baya kin kawo min wata takarda na sa hannu,” ya ce. “Kika ce ta ’yan’uwan ma’aikata ce. To in mutum yana cikin takardar nan, ya tashi gobe da sassafe ya sayar da komai, me zai faru?”

“Za su gani.”

“Sai su ce wa ya faɗa masa?”

Na kau da kai, ya ci gaba.

“Ko da ƙanwar tasa ba ta faɗa ba?”

“Ba wanda zai yarda.”

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya share gilashin gaba da tsumma, wurin da ba datti. Na ga yatsunsa suna rawa, na tuna babu wani abin da yake da shi bayan wannan sai filin da gidan da yake ciki, ga ’ya’ya biyu a jami’a. Nan na ji duk dokokin ofishinmu sun fita daga kaina. Tun safe nake riƙe da bakina, a gaban Oga, a gaban ’Yar Sanda, amma ban iya riƙe shi a gaban rawar hannun nan ba.

“Sayar, Yaya,” na ce. “Gobe ana buɗewa ka sayar da shi duka. Kada ka jira ya farfaɗo, ba zai farfaɗo yanzu ba. Ni na san yadda zan yi da su.”

Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai a wannan kallon. Sai ya miƙa hannu ya murɗa rediyo har ƙarshe, wani mai tallan katifa ya cika motar da ihu.

“Me kika ce?” ya ɗaga murya. “Ban ji ba.”

Na kashe rediyon. “Yaya, ba wasa nake ba. Kwanaki za a yi ana…”

Ya sake kunnawa, ya bar hannunsa a kan maɓallin.

“Na ce ban ji ba, Auta. Titin nan hayaniya ta yi masa yawa. In wani ya tambaye ni gobe, ko a gaban alƙali ne, na ɗauko ƙanwata daga aiki, ta ce ta gaji, na kai ta gida.”

“Za ka yi asara.”

“Filin dai na fasa sayarwa, wannan ra’ayina ne, ba na kowa ba. Sauran kuma yana nan inda yake. Ba zan taɓa ko ɗaya ba sai ranar da kika zo da kanki kika ce min kun gama.”

“Kafin nan ya…”

“Na sani. Ni ma ina da ido.”

Kuka ya ƙwace min, irin mai haɗe da haushi. Na ce masa taurin kai ne, na ce ’ya’yansa fa, na ce aikin banza ne zan samu wani. Fitila ta ba da hannu, na bayanmu suka dame mu da hon, ya sa giya muka hau gadar.

“Goge fuskarki,” ya ce, idonsa na kan titi. “Mama za ta tambaya, kuma ni ban iya yi mata ƙarya ba.”