Muryar Mai Gyaran Fanka

"Kashe," in ji Inna. "Kashe wannan kiɗan, ba rawa na zo yi ba."

Mai shagon ya murɗa, gangar da ke girgiza gilashin kantar shagon ta ɗauke. Shago na huɗu ke nan da suka shiga tun hantsi, ita da surukarta, kuma ko'ina abin ɗaya ne. Da ka ce lasifika sai a sako maka kiɗa mai dukan ƙirji. Inna ta riga ta yanke cewa da gangan suke yi. Wanda tulunsa ke da tsaga shi ke son a ƙwanƙwasa shi cikin hayaniya.

"To Mama, me za a ji da ita?" Dattijo ne mai furfura, tabaraunsa ɗaure da zare ta gefe ɗaya.

"Magana."

"Wa'azi ko labarai?"

"Magana na ce maka."

Surukar ta yi ƙasa da murya ta yi masa bayani. Kwamfutar mijinta ce, ya rasu wata huɗu da suka wuce. Gyaran fanka da injin ruwa yake yi, kuma ya kan ɗauki kansa a bidiyo yana koya wa mutane aikin. Hoton yana fita, amma lasifikar cikin kwamfutar ta mutu tun a hanyar kawo ta daga garin da suka zauna, sai ka ga bakinsa na motsi shiru. Wannan mahaifiyarsa ce.

"Allah ya jiƙansa," in ji mai shagon. "Ɗakin babba ne?"

"Gado ɗaya, katifa ɗaya a ƙasa, sai ɗan tebur," in ji surukar. "In an buɗe durowa ƙofa ba ta buɗuwa."

"To ku manta da wannan mai akwati uku. Ɗakin zai yi ta gurnani, maƙwabta su buga muku bango. Ga waɗannan biyu ƙanana, a jikin kwamfutar suke shan wuta, ba ruwanku da soket. Sun fi sauƙi kuma."

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Ɗan kasuwa ya hana ka sayen mai tsada? Akwai magana. Ta juya ta dubi surukarta. Ita ce ta ce su bar bakin titi su shigo layin baya. Ita ce ke karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, Inna kuwa sai dai ta kalli hoto. Kuma yarinyar nan, in an bi ta gaskiya, me Inna ta sani game da ita? A can nesa aka ɗaura auren, a waya aka gaya mata. Rana ɗaya kawai ta ga mace a ƙofar gida da jaka ɗaya da idanu jajaye, tana cewa ita ce.

"Kin san shi ne?" Inna ta tambaya, ba ta ko rage murya ba.

"Wa, Inna?"

"Wannan."

Mai shagon ya yi dariya. "Mama, da ta san ni ai da ba ta kawo ki nan ba. Matata ma wajen maƙwabcina take sayen caja."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sa aka fito da kwamfutar daga jaka, aka warware tawul ɗin da aka naɗe ta da shi. Ta ce a cire duk wata lasifika da ke shagon daga wuta, yana cirewa tana ƙirgawa. Da ya haɗa ƙananan biyun, ta kama wayar da yatsu ta bi ta tun daga jikin kwamfutar har inda ta shiga, sannan ta dafa gwiwa ta leƙa ƙarƙashin kantar ko an ɓoye wata babba. Ba ta ga komai ba sai silifas da butar ruwa.

"Kunna," ta ce.

Ga ɗanta nan a tsugune gaban fanka, riga mai gajeren hannu, sukundireba a bayan kunne. Bakin ya motsa, sai murya ta cika shagon, mai kauri, da ɗan dishi-dishi a ƙasanta.

"Kafin ka taɓa komai, ka cire ta daga wuta. Na ce ka cire. Wanda ya ƙi ji, fanka za ta koya masa."

Surukar ta kama gefen kantar da hannu biyu.

"Wane ne wannan?" in ji Inna.

Ta ɗago ta dubi mai shagon.

"Na ce wane ne ke magana? Fuskar tasa ce, amma wannan ba muryar ɗana ba ce. Me kuka sa a ciki?"

"Mama, lasifika ba ta ƙirƙirar murya. Abin da aka ba ta shi take fitarwa."

"Ni za ka gaya wa? Ni na haife shi. Canza."

Ya haɗa mai akwati ukun. Muryar ta ƙara zurfi, kamar daga cikin rijiya. Inna ta ɗaga hannu tun bai gama jimla ɗaya ba. Ya kawo wata baƙa mai tsawo, ta girgiza kai. Wata huɗu tana zaune gaban bakin nan mai motsi, tana cika masa magana da muryar da ke kanta, kuma kwanan nan muryar ta fara dushewa. Ta kan neme ta da safe ta rasa. Shi ya sa ta fito. Yanzu kuma ga wani ƙaton baƙo an ɗora a bakin ɗanta ana so ta biya.

Idonta ya faɗa kan wata 'yar ƙarama a can ƙarshen kanta, ba ta fi gwangwanin madara ba, ƙura ta rufe ta.

"Waccan fa?"

"Waccan ba kaya ba ce, Mama. Gyara nake ba da ita in an sayi abu mai yawa. Kamar sauro take kuka."

"Shi ya sa ka ɓoye ta? Ɗauko."

Ya ɗauko, ya hure ƙurar, ya haɗa. Muryar ta fito siririya, ta hanci, tana ɗan karkarwa a ƙarshen kowace kalma.

"Yawwa!" Inna ta buga kantar da tafin hannu. "Ga shi nan! Ga yarona!" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kun gani? Da ma na san akwai abin da ake rufe min."

Mai shagon ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Mama, yaushe rabonki da shi ido da ido?"

"Shekara goma sha ɗaya. Yana ɗan sha bakwai ya tafi. Amma duk mako sai ya kira ni, bai taɓa fashi ba."

"A wace waya?"

Ta kwance bakin zani ta fito da ita, 'yar ƙarama mai madannai, lambobin duk sun goge. Ba ta miƙa masa ba. Ya tambayi surukar lambar, ya danna a tasa wayar. Ta Inna ta yi ƙara a hannunta.

"Ɗauka, Mama."

"Kana gabana?"

"Ɗauka dai."

Ta kara a kunnen dama. Yana tsaye, kanta kawai ce tsakaninsu, ya ce, "Ina wuni, Mama, ya gajiya?"

Kunnen hagu ya ji dattijo mai murya kamar turmi. Kunnen dama ya ji wani siririn yaro yana magana ta hanci.

"To Mama, wanne ne ni?"

Inna ta sauke wayar a hankali. Ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Ta sake karawa, ta ce masa ya ƙara magana, ya ƙara. Ta canza kunne, ko kunnen ne. Ba kunnen ba ne.

Ta kama hannun surukarta ta ja ta bakin ƙofa, inda masu tura kaya ke wucewa suna a ba su hanya.

"Ke 'yar nan, dube ni. Tsakaninki da Allah, wacce ce tasa?"

"Ta farkon, Inna."

"Ba don ya fi samun riba a kanta ba?"

"Shekara shida ina kwana ina tashi da ita," in ji yarinyar. "In ya yi dariya a ɗaki, cokali na motsi a cikin kofi. Har tsokanarsa nake yi, in ce ya rage, ba injin ruwa ba ne."

Inna ta saki hannunta. Ashe yaron ya girma ya zama wannan, ita tana nan tana hira da ɗan sha bakwai a cikin waya.

Suka koma ciki. Ta ce a mayar da ƙananan biyun na farko. Wannan karon ta saurara har ƙarshe. Ya kwance fankar, ya nuna inda ake ɗiga mai, can daga baya wata murya ta mace ta ce abinci na hucewa, ya ce, "Kun ji shugaba ta yi kira," ya yi dariya. Gilashin kantar ya ɗan yi rawa a ƙarƙashin hannun Inna. Ba ta ɗauke hannun ba.

"Su zan saya," ta ce. "Waɗannan da aka gwada, ba na cikin leda ba. Ka sa su a kwali ina gani."

Ya naɗe wayoyin, ya sa su a kwali tana gani, ya ɗaure da igiya. Da ta biya, ya ɗauko 'yar ƙaramar ya ɗora a kai.

"Wannan gyara ce, Mama. Tunda ita kika saba da ita."

Inna ta ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta juya ta a tafin hannu, ta shafe sauran ƙurar da babban yatsa, ta daɗe tana riƙe da ita. Sannan ta ajiye ta a kan kantar, ta tura masa.

"Bar ta a nan," ta ce. "In na kai ta gida, ita zan riƙa kunnawa."